Wa Ya Dace In Ba Karen Da Na Tsinta?

Tambaya: Na tsinci kwikwiyo a bakin hanya, na yi jinyarsa har ya warke. Yanzu watansa 7, ba ya zama wuri ɗaya, gidana kuma ƙarami ne. Wa zan ba? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri. Fara kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare, wadda ake maimaitawa duk shekara, a ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska. Katin rigakafin ya bi karen.

Irin wannan kare aiki yake nema, don haka mafarauci, makiyayi ko mai gona sun fi dacewa. Je ka ga wurin da idonka: akwai inuwa da ruwan sha? Wa zai riƙa fita da shi safe da yamma? Wanda zai ɗaure shi da sarƙa wuni guda, kada ka ba shi. Ƙarfin da bai samu mafita ba shi ke komawa haushin dare, tonon rami da farmakin kaji.

Faɗa wa mai karɓa halinsa ba ɓoye-ɓoye, ku yi gwajin mako 2 bisa sharaɗin dawo maka da shi in ba su saba ba.