Amsa ga mai tambayar fenti da ƙyalƙyali na kifin ƙarya

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka sassaƙa kifin ƙarya na icce, irin wanda ake sa wa ƙugiya a yaudari kifi da shi, kana tambayar wane fenti za ka shafa masa, kuma ko a zuba ƙyalƙyali. Ni a Yawuri nake, na daɗe ina wannan aiki da icce da tsofaffin cokula.

Kafin ka je shagon fenti, je bakin ruwa tukuna. Kogin Kwara a nan wajenmu kala biyu yake yi a shekara. Daga Agusta zuwa Oktoba ruwan damina ne, laka zalla, ka tsoma hannu zuwa gwiwa ba ka ganin yatsunka. A irin wannan ruwa kifi ba ado yake gani ba, inuwa yake gani. Baƙi ya fi ci, ko rawaya mai haske da baƙin baya. Wajen Disamba kuma sai ruwan da ya biyo ta Mali ya iso, ya riga ya zubar da lakarsa a hanya, garau. Nan ne fari da ruwan azurfa ke aiki, don giwan ruwa da tsage ƙananan kifi suke farauta, irin su warangi da kawara, duk bayansu da duhu, cikinsu kuma fari. Ka samu kawara ɗaya ka ajiye gabanka, ka kwaikwaye ta.

Ja kuwa kada ya ruɗe ka. Shi ne launin da ruwa ke fara cinyewa, da ya nutsa kamar mita 5 ya koma duhu-duhu. Ɗigo ɗaya nake sawa a maƙogwaro, shi ke nan.

Ƙyalƙyali ne ya taɓa ba ni kunya. Na sayo na kwalliyar mata a kasuwa, na bulbula wa wani kifin ƙarya har ya zama kamar amarya. Da rana tsaka ina kallon tsage ya biyo shi, ya zo daf, ya juya abinsa. Yanzu tsinken ashana nake tsomawa in barbaɗa a gefe da gefe kawai, fenti bai gama bushewa ba. Wanda kuma ya fi kama min kifi, takardar ƙyalli ta cikin kwalin taba ce na liƙa masa, na danna mata ƙusa ta yi kamar ɓawon kifi.

Ka fara da farin fenti a ƙasa, in ba haka ba icce zai shanye kalar. In ya bushe ka rufe da gam mai haɗi biyu, Araldite, ka rataye shi kwana guda. Jan farce marar kala ma yana yi, amma ba ya jure haƙorin tsage. Ka kuma sa 'yar waya tsakanin zare da kifin, don tsage sun tsinke zare sun tafi da nawa uku kafin in yi hankali.

In tarwaɗa kake nema, ajiye fentin nan ka nemo tana, ita da ƙamshi take farauta.