Amsa ga malamin lissafi na Agege

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka, ka ce kana da digiri a lissafi amma ba ka karanci fannin koyarwa ba, kana ɗaukar 'yan SS a wata makarantar kuɗi a Agege, kana neman inda za ka ƙaro ƙwarewa da kayan aikin da ba za su cinye maka albashi ba. To ni ma a nan Legas nake wannan aikin kuma na daɗe a cikinsa, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Maganar takarda dai gajeriya ce, ka yi PGDE, wato difilomar koyarwa ta masu digiri, kawai ka huta. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI ta Kaduna, tana yi ta hanyar karatu daga nesa, jami'ar karatu daga gida, NOUN, ma tana yi, ba sai ka ajiye aikinka ba. In ka gama sai ka zauna jarabawar TRCN, hukumar rajistar malamai, a kwamfuta ake yi, ka karɓi lasisinka, domin duk ranar da ka nemi aikin gwamnati ko wata babbar makaranta za a tambaye ka shi.

Amma gaskiya abin da ya fi gyara min koyarwa shi ne makin ɗin WAEC, wato duba takardun jarabawarsu. Ofishinsu na nan Yaba, ka nemi shiga cikin masu duba takardun lissafi, kuma kar ka je don kuɗin, ka je don abin da za ka koyo. Kafin a ba ka takardar yaro ko ɗaya sai an zaunar da ku an bi tsarin ba da maki layi-layi, an ba ku takardun gwaji kowa ya duba a ga ko hannunku ya zo ɗaya, a nan ne za ka ga tsofaffin malamai suna musu a kan maki ɗaya tal kamar za su tashi sama, kuma wallahi a cikin wannan musun ilimin yake. A nan za ka gane makin M na hanyar da yaro ya bi ne, makin A na amsa ne, kuma in hanya ta ɓaci to amsar ba ta da maki ko da ta fito daidai. Yaro ya danna kalkuleta ya dire amsa tsirara babu aiki, ya tafi gida yana murna, alhali ya zubar da makinsa. Pepa ta biyu tambaya 13 ce a amsa 10, biyar ɗin farko dole ne, to ka ga wanda bai saba rubuta aikinsa mataki-mataki ba tun SS1 ina zai kai? Tun da na fara zuwa na daina karɓar amsa babu aiki a ajina, ko a tes ɗin mako.

Kafin ka samu shiga, ka buɗe shafin WAEC a intanet ka nemi rahoton manyan masu duba jarabawa, kyauta ne. Tambaya bayan tambaya suke faɗin inda yara suka faɗi, kuma za ka ga abubuwan suna ta maimaituwa: jiyometirin da'ira, zana hoton tambayar beyarin (auna alƙibla da kusurwa), karanta giraf, mayar da tambayar zance zuwa lissafi, da yanke lamba tun aiki bai ƙare ba. Ni da shi nake tsara zangon karatu, inda suka fi kuka nan nake ƙara kwanaki.

Sai kuma abin da ya shafi yaranmu na nan musamman. Yaro a gida Hausa, a layi Yarabanci da burokin, a jarabawa Turanci. Akwai yaron da ke taya babansa a kasuwar Mile 12, zai lissafa maka kuɗin kwandon tumatir goma sha biyu da kuɗin dako da na mota duk a ka kafin ka zaro waya, amma ka rubuta masa wannan lissafin da Turanci sai ya tsaya yana kallon takarda. Wannan ba daƙiƙi ba ne Malam, kar ka bari kowa ya ce maka haka. Ka sa shi ya faɗa maka tambayar da bakinsa tukuna, ko da Hausa ne, sannan ya zana, sannan ya rubuta. Haka in ka ga ya rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5 kar ka ja jan biro ka wuce, ya haɗa na sama da na sama ne, na ƙasa da na ƙasa, yana da dalilinsa. Ka tambaye shi, rabin buhun shinkafa aka ƙara masa sulusin buhu, zai kasa rabi? Zai ce a'a. To biyu bisa biyar ta kai rabi? Ka yi shiru ka bar shi da ita. Irin waɗannan kurakuran nake tarawa a wani littafi daban, duk wanda ya fito sau da yawa na san a darasina zan gyara.

Kayan aiki kuwa, ka sauke GeoGebra, manhajar zane-zanen lissafi, a wayarka, kyauta ce kuma tana aiki ko babu data. Kusurwar da ke tsakiyar da'ira ninki biyu ce ta wadda ke bakin da'ira, ka ja ɗigon da yatsa yara suna gani lambar ba ta canzawa, ya fi ka faɗa sau goma. Waya ɗaya ma ta isa, layi-layi za ka zagaya da ita. Khan Academy kuma, shafin darussan bidiyo, kai za ka kalla da daddare ka ga yadda wani yake shigo da darasi, ba ka kunna wa aji ka zauna ba. Ka samu manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu, da silabas ɗin WAEC ka ajiye su gefe da gefe.

Ka shiga ƙungiyar malaman lissafi ta ƙasa, MAN, suna taron shekara-shekara, ga STAN ta malaman kimiyya, ga Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a Abuja mai shirya gasar Olimfiyad, in kana da yaro mai kaifi ka nema masa tsofaffin tambayoyinsu. Bitar nan ta kwana ɗaya da ake kira a otal a karɓi kuɗi mai yawa a miƙo satifiket kuwa, kafin ka biya ka tambaya wa zai koyar, kuma yaushe rabonsa da riƙe alli a gaban yara hamsin.

Wanda ya fi duka araha shi ne ka nemi wani malami da ya riga ka, ko a makarantar gwamnati ta kusa da ku, ka roƙe shi ka zauna a bayan ajinsa, shi ma wata rana ya zo ya zauna a naka ya faɗa maka gaskiya. In kana so ka ɗauki hoton takardun yara uku ko huɗu daga tes ɗinka na ƙarshe, ka rufe sunayensu, ka turo nan dandalin mu duba tare, akwai malamai da yawa a cikinmu. Allah ya taimaka.