Abin da ya sa maƙabartar samfurinka ta yi kama da kayan wasan yara

Ka ce mini, "Maigida, na jera duwatsun kaburbura sahu-sahu, na shafa musu fenti ruwan toka, na dasa ciyawa, amma da na ajiye ta gefen ɗan layin dogon sai ta fito kamar kayan wasan yara. Ina na kuskure?" To jawo kujera, ɗana. Hannunka ba shi da laifi, yankanka ma ya fi nawa tsabta lokacin da nake kamar kai. Kallo ne ba ka gama koya ba.

Ɗauko ɗan mutum-mutumin can ka tsayar da shi kusa da dutsenka. Ka gani? Dutsen ya kai masa kafaɗa. Ma'aunin da muke aiki da shi, wato HO, kashi ɗaya ne cikin 87, shi ya sa mutum mai matsakaicin tsawo yake komawa kusan milimita 20. Duwatsun kaburburan sojojin Birtaniya na yaƙin duniya, irin na maƙabartun Faransa da Beljiyam, tsayinsu santimita 76 ne, faɗi 38, kauri 7.6. Raba da 87: tsayi kusan milimita 9, faɗi 4 da ɗoriya, kauri bai cika milimita ɗaya ba. Naka kaurinsa milimita 3 ne, wato santimita 26 ke nan a zahiri. Wannan ai bango ka gina. Ido na yafe kuskuren tsayi, amma kauri shi ke tona asiri nan take. Yanko su daga farantin roba mai kaurin milimita ɗaya, ka goge kawunan da sampefa, ka bar wa kowanne ɗan wutsiya da za ka soka cikin soson da ka yi ƙasan maƙabartar da shi.

Sai babbar magana. Jeri tsaf kamar an ja igiya na maƙabartar soja ne, irin ta Alintan a Amurka, inda ma'aikata ke kula da kowane dutse. Tsohuwar maƙabarta da ke bayan coci a ƙauyen Turai, wadda kake son yi, ƙasarta ta daɗe tana motsi. Ƙasar da aka haƙa aka mayar tana zama a hankali, sai wurin ya lotsa, dutsen ya karkata. Saiwar bishiya ta tura wani, wani ya faɗi rub da ciki ciyawa ta rufe rabinsa. Saboda haka tun kafin fenti ka danna soson da bayan cokali a inda tsofaffin kaburbura suke, tsawon milimita 23 ko kusa da haka, daidai da mita biyu. Sabon kabari kuma tudu ne: ɗan filasta, ka barbaɗa masa tankaɗaɗɗiyar ƙasa tun yana ɗanye, babu ciyawa a kansa. Guda ɗaya ya isa.

Amma kada ka wuce gona da iri. Cikin goma ka karkatar da biyu ko uku, su ma kaɗan. In duka suka kwanta sai a ce guguwa aka yi. Kuma duk karkatarsu fuska ɗaya suke kallo. A tsofaffin maƙabartun coci na Ingila kaburbura daga yamma zuwa gabas suke miƙe.

Fenti ruwan toka ɗaya tak shi ne kuskurenka na uku. Haɗa kala uku ko huɗu, wani ya ja zuwa fari, wani zuwa ruwan ƙasa. In sun bushe ka tsinka baƙin fenti da ruwa sosai, ka ɗiga daga sama ya gangara da kansa yadda ruwan sama ke yi. Daga nan ka tsoma buroshi a farin fenti, ka goge shi a tsumma har ka ɗauka babu komai a jikinsa, sannan ka shafi gefuna. Gansakuka kuwa da bakin tsinke ake ɗiga ta, kore-kore da rawaya, a gindin dutse da gefen da ke inuwa. Rubutu kada ka wahalar da kanka: harafi mai santimita 5 bai kai milimita ɗaya ba a nan. Karta layi uku da allura, baƙin ruwan nan zai shiga ya zauna, mai kallo ya rantse rubutu ne.

Ciyawa mai milimita 2 ta wurin da ake yankewa ce. Mai milimita 6 ta haura rabin mita a zahiri, sai ka ajiye ta a lungun da aka manta da shi, da gindin duwatsu inda injin yanka ba ya isa.

Gam kuma fari za ka sa, na katako, don ba ya cin soso. Ni da kaina na taɓa fesa wa soso fentin gwangwani, ina tsaye ina kallo aikin kwana huɗu ya narke ya zama ramuka. Supa gulu ma haka yake cin sa.

Yanzu tumɓuke su duka. Yanko goma sababbi ka kafa ba gam, ka durƙusa idonka ya yi daidai da kan ɗan mutum-mutumin nan, sannan ka kira ni.