Amsa ga mai tambaya kan tafiyar keke shi kaɗai a ƙasar waje

Malam, ka tambaya ko mutum zai iya ratsa ƙasar da ba tasa ba a kan keke shi kaɗai, ka kuma ce abin da ya fi tayar maka da hankali shi ne 'yan fashi. Na yi irin wannan tafiya sau da dama, kuma har yau Allah bai haɗa ni da ɗan fashi ba, amma babbar mota ta sha kusa kai ni lahira.

Wata rana a tsakiyar Turkiyya na ƙi yada zango bayan la'asar saboda kwaɗayin in kai gari na gaba. Ana dab da magariba wata tirela ta gifta ta gefena, iskarta ta fizge ni, nauyin jakunkuna ya rinjayi keken, sai ga ni kwance cikin tsakuwa da gwiwa a kuje, direban kuwa ina jin bai ma san da ni ba. Tun daga ranar nake sauka daga titi rana na da saura, ina sa riga mai ƙyalli da hular kwano, ina barin jar fitilar baya a kunne ko da tsakar rana. Ƙaramin madubin da na ɗaura a kan keken ya fi duk kayana amfani, domin da zarar na hango babbar mota a baya, wata kuma na tahowa daga gaba, sai in gangara gefe in ba su wuri. A Ingila da Japan da Tailan ta hagu ake tuƙi, kuma da sassafe, kafin hankali ya gama dawowa, aka fi mantawa da hakan.

Ba ina cewa babu miyagu ba ne. A watan Yulin 2018 an kashe baƙi huɗu masu yawon keke a gundumar Dangara ta Tajikistan, inda aka banke su da mota da gangan. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma ya isa ya sa ka riƙa bin sanarwar ofisoshin jakadanci. Kada ka sa hoton wuri a Facebook sai ka bar shi, kuma wanda ya matsa maka da tambayar inda za ka kwana, ka ce masa abokan tafiyarka na nan tafe. Tanti kuwa, ko dai ka kafa shi inda babu wanda ya ga shigarka, ko ka nemi izini a gidan da ka ga mata da yara. Tsaka-tsakin nan, wato bakin hanya inda kowa ke ganinka amma babu wanda ya ɗauke ka baƙonsa, shi ne wurin da ba na so.

Karnukan makiyaya a Turkiyya da Romaniya ba a tsere musu. Ka sauka, ka sa keken tsakaninka da su, ka ja shi a hankali. Idan aka yi rashin sa'a ɗaya ya cije ka, ka wanke wurin da sabulu na minti 15, ka nemi asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare.

Takardu su ma sukan tsayar da tafiya. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ba ta wuce kwana 90 cikin kwana 180, kuma ba a ba da ita sai da inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin magani na aƙalla Yuro 30,000, sai dai ka karanta sharuɗɗan inshorar da kyau, domin wasu ba sa ɗaukar nauyin doguwar tafiyar keke. Ka bar hoton fasfonka wurin wani ɗan'uwa wanda ya san hanyarka, ku kuma tsayar da lokacin da zai riƙa jin muryarka.

Tunda wannan ce fitarka ta farko, shawarata ka fara da hanyar bakin kogin Danub daga Fasau ta Jamus zuwa Biyana ta Ostiriya. Kimanin kilomita 320 ce, shimfiɗaɗɗiya, akasarinta ba a haɗa ka da motoci, kuma lambar neman agaji 112 tana aiki a ƙasashen biyu.