Ga mai tambaya kan rubuta buri sau uku, sau shida, sau tara

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun jiya na ga tambayarka, na bari sai da na rufe shago don kada in ba ka amsa a tsaitsaye. Ka ce wata huɗu ke nan kana bin abin da ka gani a TikTok, kana rubuta burinka sau uku da safe, sau shida da rana, sau tara kafin ka kwanta, ka rufe ido ka hango kanka cikin shagon wayoyi naka na kanka a Adum da ke tsakiyar Kumasi, wai in zuciya ta kafe a kan abu, duniya za ta kawo maka shi har ƙofa. Har yau shiru kake ji, shi ne kake tambaya ko yaƙininka ne bai kai ba, kuma ko abin ma ya halatta. Halas da haram na malamai ne, ga su nan a cikinmu. Ni tela ne a unguwar Aboabo, nan Kumasi ta ƙasar Ghana, abin da ya faru a kaina kawai zan ba ka.

Na riga ka shiga wannan jirgi. A 2014 babu TikTok, a hannun masu baza littattafai a ƙasa wajen kasuwar Kejetia na sayi nawa littafin. Na yanko hoton babban keken ɗinki na lantarki da na wani shago mai ƙofar gilashi, na manna a bango daidai saitin idona. Kullum da safe sai na zuba musu ido na minti goma, in ji zuciyata fes, kamar na riga na mallaka. Daɗin nan shi ne tarkon. Ɗan yayata da ya yi karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi ya taɓa ba ni labarin wata Bajamushiya masaniyar halayyar ɗan Adam, Gabriele Oettingen, da ke koyarwa a Jami'ar New York. Ta bibiyi ɗaliban da ke shirin neman aiki, sai ta tarar waɗanda suka fi nutsewa cikin mafarkin sun samu su ne suka fi ƙarancin tura takardun neman aikin, kuma su ne aka fi ƙarancin kira. Rai ya riga ya ci rabonsa a mafarki, jiki sai ya yi sanyi. Ɗan yayar tawa ne ma ya gaya mini tushen abin daga Amurka yake tun ƙarni na 19, daga irin su Phineas Quimby, wani mai gyaran agogo da ya koma warkar da mutane da tunani. Tsohuwar miya ce ake ta ɗumamawa.

Jajibirin ƙaramar sallar 2015 ne ya kwance mini zani a kasuwa. Lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya yi tsanani, wuta ta yi awa ashirin da huɗu babu, ta zo ta yi sha biyu ta koma. Na karɓi ɗinki ya fi sittin alhali na san ko da akwai wuta, arba'in ne iyakata, kuɗin kafin alƙalami kuwa na riga na cinye. Duk wanda ya zo sai in ce laifin wuta ne, ga keken ƙafa a kusurwa yana shan ƙura. Bayan isha'i wata mata ta zo da 'yarta, yarinyar ba ta wuce shekara bakwai ba. Sau uku ina ce musu gobe, atamfar tana nan cikin ledarta ko almakashi bai taɓa ta ba. Da na hango su sai na faɗa bayan labule, na ce wa yaron shago ya ce na fita. Ina tsaye ina riƙe numfashi na ji yarinyar ta ce, "Umma, ga ƙafafunsa can."

Uwar ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Malam, fito ka ba ni kayana. Ba zan ce Allah ya isa ba, amma ka dubi yarinyar nan." Na fito na miƙa mata leda. Ina ɗaga kai idona ya sauka kan hoton shagon gilashi.

Bayan sallah na kai kukana wurin wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallacin unguwa. Har da kare kaina, na jawo masa aya ta 11 a Suratur Ra'ad, cewa Allah ba ya canza abin da ke ga mutane sai sun canza abin da ke cikin zukatansu, na ce ai abin da littafina ke faɗa ke nan. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗana, hoto ne a cikin zuciyarka ko ƙarya? Wanne aka ce ka canza?" Ya ƙara mini da cewa malaman tafsiri da yawa sun karanta ayar tare da ta 53 a Suratul Anfal: ni'ima ce ba a ɗauke ta sai mutane sun ɓata halinsu. Magana ce ta hali, ta amana da gaskiya da cika alkawari. Ni kuwa na mayar da ita maganar kallon bango.

Ranar na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ni ma rubutu ne ya fitar da ni, ka ga ban raina alƙalaminka ba. Shafin hagu alkawari: sunan mai kaya, ranar karɓa, ranar bayarwa. Shafin dama bashi. Da na tattara abin da ake bina, na mai zare, na mai shago, na masu kafin alƙalami, sai ga sidi dubu biyu da ɗari uku, ni da nake ce wa kaina bai fi ɗari biyar ba. Daren ban yi barci ba. Abin da ya fi ba ni wuya kuwa shi ne koyon cewa "ba zan iya ba". Mutum ya zo da shadda mai tsada ana saura kwana biyar sallah, kuɗi a hannu, bakinka na ƙaiƙayin cewa kawo, ka haɗiye ka tura shi wurin maƙwabcinka. Shekarar farko na yi asarar masu kawo ɗinki, ba zan ɓoye maka ba. Na shiga susu, irin adashin nan, ina zuba kaɗan kullum. Sai 2019 na sayi keken, shi ma wanda aka riga aka yi amfani da shi. Ƙofar gilashi har yau babu, kuma na daina jin zafin rashinta.

Akwai wurin da koyarwar nan ke ɓata mini rai ƙwarai, inda suke cewa duk abin da ya same ka tunaninka ne ya jawo shi. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 50 cikin ɗari, sidi ya zube, jarin mutane ya narke suna kallo. A watan Maris na 2023 gobara ta ci wani sashe na sabuwar kasuwar Kejetia. Na san mutanen da suka fi ni tsarkin zuciya nesa ba kusa ba da suka wayi gari babu komai. Su ma mugun tunani suka yi? 'Yan matan kayayei masu dako da ke kwana a bakin shaguna, rashin hango kansu cikin mota ne ya kwantar da su a can? Wannan rashin tausayi ne aka yi wa kwalliya. Kuma da wannan igiya ake ɗaure mutum: in ya samu, dabararsu ce ta yi aiki, in bai samu ba, shi ne bai yarda sosai ba. Ga shi kai ma ka fara tuhumar yaƙininka.

Kyautata zato kam namu ne tun asali. Hadisin ƙudusi na Buhari da Muslim ya ce Allah yana nan inda bawansa ya zace shi. Sai dai mai addu'a ya san wa yake roƙo, ya kuma san ana iya ba shi yanzu, ko a ajiye masa, ko a kau da wata musiba a madadinta. Mai jiran "duniya" ta amsa fa, wa yake kira? Wannan ka kai wa malaminka. Abin da na gani da idona a zangon nan shi ne, wanda ya saba da neman samu daga zaune, ba ya daɗewa sai ka gan shi wurin masu ba da lambar loto, daga nan sai "sakawa", wato damfarar intanet. Ko tsuntsayen da hadisin Tirmizi ya buga misalin tawakkali da su, sammako suke yi da yunwa kafin su dawo a ƙoshe.

Ban ce ka yar da burin shagon ba. A ƙarƙashinsa rubuta abin da ke cikinka da ke tare hanya, ba abin da ke wurin gwamnati ko dangi ba. Nawa ƙarya ce da cin kuɗin da ban yi aikinsa ba. Naka kai ka sani. Nawa ka tara a wata huɗun nan? Ka iya canza gilashin waya, ko sai ka nemi wanda zai koya maka? Wa ke binka bashi kana sauya hanya in ka hango shi?

Matar nan ba ta sake kawo mini ɗinki ba. Mukan haɗu a hanyar Asawase mu gaisa, 'yar ta zama budurwa, har yau ban iya haɗa ido da ita sosai. In ka biyo ta Aboabo bayan la'asar ka tambayi shagon tela mai tsohon hoto a bango, ka zo da littafin naka. In akwai sauran shafuka, ina da rula.