Kwamin Ciyar da 'Ya'yan Tumaki Ba Tare da Iyayensu Ba

Malam, ka tambaya wane irin kwami ya dace da ƙaramin garke, wanda 'ya'yan tumaki za su ci a cikinsa ba tare da iyayensu sun ture su ba. A ganina, abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙofar shiga. Ka sa mai walda a kasuwar Panteka da ke Kaduna ya yi maka keji da za a sa kwamin a ciki, mai sandunan ƙarfe da ake iya matsarwa, waɗanda 'ya'yan za su bi ta tsakaninsu amma iyayen ba za su iya ba, domin tazarar da ta ishi ɗan tunkiya irin Yankasa mai mako biyu, lokacin da yake fara tsintar abinci, za ta yi masa kaɗan bayan wata biyu, kuma ɗan Balami ya fi shi girman jiki tun farko.

A ɗaga kwamin daga ƙasa, a gitta sanda a samansa don kada su shiga da ƙafa, saboda kashin da ke gauraya da abinci yana jawo musu zawo. Rufin kwano wajibi ne a daminar Kaduna, tunda dusa da ƙuliƙuli suna saurin yin fumfuna idan sun jiƙe. Ina roƙonka kada ka zuba musu abincin da aka haɗa domin shanu, domin sinadarin tagulla da ke cikinsa yana iya kashe tumaki.