Daga Kumasi zuwa Paga a mota, ni kaɗai: zai yiwu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba direba. A Aboabo nake zaune, nan Kumasi. Ina so in ɗauki ƙaramar motata in haura Arewa ni kaɗai har Paga, in buɗe ido. Ban taɓa wuce Techiman ba. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Zai yiwu mana, amma da sharaɗi guda: kada ka bari dare ya riske ka tsakanin Kintampo da Tamale.

Hanyar ita ce N10, babban titin Ghana mai zuwa Arewa, kuma daga Kumasi zuwa Tamale kusan kilomita 380 ne, tafiyar awa shida zuwa bakwai. Kana sallame asuba ka tayar da mota. Ka cika tanki a Techiman, ka karya a Kintampo, amma kada ka ɗura wa cikinka tuwo, don daga nan ne aikin yake.

Da ka bar Kintampo kurmi ya ƙare. Sai fili iya ganinka, kaɗanya da suri, kwalta miƙe ɗoɗar. Nan ne gyangyaɗi ke sace direba, ga shi ba abokin hira. In ka ji ido ya fara nauyi, kada ka yi gardama da shi. Ka tsaya cikin gari, ka wanke fuska, ka tauna goro. Tireloli masu ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa ta Tema zuwa Burkina Faso nan suke bi, kuma in ɗaya ta lalace sau da yawa reshen itace kawai ake yadawa a kan titi. Da rana za ka hango ganyen. Da dare kuwa sai Allah, balle 'yan fashi da suka sha tare wannan yanki.

Za ka haye gadar Buipe a kan Baƙin Volta, sannan ta Yapei a kan Farin Volta. Tsakaninsu akwai mararrabar Fufulso, inda ake ratsewa zuwa Damongo da tsohon masallacin Larabanga da gandun dajin Mole. A ganina ka bar wannan sai a dawowa.

Ka kwana a Tamale, inda babura sun fi motoci yawa, sai ka bi su a hankali. Washegari kilomita wajen 160 ne zuwa Bolgatanga ta Walewale, sannan Navrongo, sai Paga bakin iyakar Burkina Faso. Kadojin tafkin garin, da 'yan yawon buɗe ido ke zuwa kallo, ba a kusantarsu sai da ɗan jagora.

Shingen 'yan sanda na da yawa, don haka lasisi da inshora da takardar lafiyar mota ta DVLA (hukumar lasisin direbobi da motoci) su kasance a kusa. Ka kai wa bakanike ya duba birki da lagireto da safaya. Ka riƙe tsabar kuɗi, kada ka dogara da MoMo (kuɗin waya) kaɗai.

Hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yana rufe hanya da safe, zafin Maris da Afrilu kuma yana fasa tsohuwar taya. In da hali, ka tafi a Nuwamba.